Tukwanen da Baba Ya Yi wa Caji

Mahaifina bai taɓa yarda cewa batir yana mutuwa ba. Shekara talatin ya yi yana aikin wuta a ma'aikatar jirgin ƙasa, da ya ajiye aiki kuma ya buɗe ɗan shagon caji a wani lungu bayan unguwar PZ a Zariya. Batirin da mai mota ya riga ya haƙura da shi, Baba zai karɓa ya jujjuya shi, ya buɗe murafan ya leƙa, ya ƙara masa ruwa, ya maƙala masa wayoyi ya bar shi kwana biyu. In ya tashi ba ya wani alfahari, sai dai ya ce da ma barci yake yi. Rigunansa na aiki duk sun huhhuje inda ruwan batir ya ɗiga, kuma Mama ta daina faɗa a kansu tun kafin a haife ni.

Shi mai sanyin hali ne. Ni kuwa zafin ran Mama na ɗauko, har na ɗara ta, don ita in ta yi faɗa da hantsi tana sauka kafin la'asar, ni sai in kwana da abina.

A shekarar da na fara digiri na biyu a jami'ar da ke Samaru, a sashen nazarin ƙananan halittu, aka haɗa ni da wata malama 'yar kudancin Kaduna ta riƙa duba aikina. Gajeriya ce, gilashinta na rataye da zare a wuya, Hausarta ta fi tawa daɗi, amma ba kasafai ake ganin haƙoranta ba. Kowa a sashen ya san ta taɓa sallamar wani ɗalibi ana saura wata biyu ya gama, saboda ta gano lambobin da ya kawo mata a zaune ya ƙirƙire su, bai auna komai ba. An ce ko tsawa ba ta yi masa ba. Ta dai miƙa masa takardunsa ta ce ya nemi wani malamin, kuma ba wanda ya karɓe shi. Da wannan labarin a kaina na fara aiki a ƙarƙashinta.

Aikin da ta ba ni, in aka faɗe shi a gida, dariya yake ba mutane. Za a samu tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba, a zuba mata ruwan datti da baƙin taɓon kwata, a tsoma sandar gawayi a ciki, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Sai a zaunar da ita cikin bahon ruwa mai kyau, a sa wata sandar a nan ma, a haɗa sandunan biyu da waya. Ƙananan halittun da ke cikin taɓon za su manne a jikin sandar suna cin dattin ruwan, abin da suke saki kuma ya bi waya ya zama 'yar wuta. Ruwa ya rage datti, mu kuma mu samu wuta ko da kaɗan ce.

Ranar da na yi wa Baba wannan bayanin yana cin tuwo, sai ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Wato ƙwayoyin cuta ne za su ba da wuta?"

"Ba duka ne masu sa cuta ba, Baba."

"To ina asid ɗin shi?"

"Babu asid."

"Batir ba asid." Ya girgiza kai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Amma washegari da yamma ya dawo daga shago da leda cike da tsofaffin batiran tocila. Ya zauna a tsakar gida ya fasa su ɗaya bayan ɗaya, ya zaro baƙaƙen sandunan da ke tsakiyarsu, ya wanke, ya kankare, ya ɗaura musu waya da wani irin ɗauri da har yau ban iya kwaikwayonsa ba.

A gida aka ajiye tukwanen. Ɗakin gwaje-gwajenmu ana kulle shi ƙarfe huɗu, Asabar da Lahadi kuma ba a buɗe shi sam, alhali aikin yana so a auna safe da yamma kowace rana. Ga shi kuma ruwan da zan yi aiki da shi a bayan gidanmu yake a Sabon Gari. Akwai mata uku masu yin awara a layinmu, ruwan da suke tsiyayewa yana bin kwata ya taru a bakin kwalbati, in rana ta buɗe ya yi tsami ya cika layin da wari. Shekara da shekaru ana rigima a kan ruwan nan. Ranar da na je da jarkoki na ce a daina zubar da shi a riƙa tara mini, babbarsu ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaye ni da Turancin buroka ko ruwan dattin nan zan kai makaranta.

"Na dis dirty water you wan carry go school?" Sannan ta juya harshe ta ce wa 'yan uwanta, "Boko ya taɓa 'yar mai batir."

Mama ta ba ni rumfar bayan kicin, da sharaɗin in wari ya shiga ɗakinta tukwanen su kama hanyar Samaru da ƙafarsu. Na jera guda shida. Malamata kuma ta ce in riƙa kawo mata littafin awo duk Litinin.

Mako uku mitan da nake auna wutar da shi bai nuna abin kirki ba. In tsugunna da safe in maƙala, lambar tana nan kusa da sifili kamar an ɗaure ta. In dawo daga makaranta bayan la'asar, haka. Abokan karatuna da ke aiki a kan madara da nono tuni sun cika shafuka, ni ina jera sifili a littafi mai kyau. Abinci ya daina shiga mini. In Mama ta ce in ci, sai in ce na ƙoshi, da muryar da ba a yi wa uwa magana da ita.

Duk lokacin da nake awo, Baba yana tsaye a bayana, hannuwa a baya, yana leƙe.

"Anya kin ɗaure wayan nan da kyau?"

"Na ɗaure."

"Ni a ganina abin nan caji yake so. Ko sabon batir, sai an ba shi wuta kafin ya ba da."

Ranar raina a ɓace yake, don malamata ta buɗe littafin ta rufe ta miƙo mini abina. Sai na miƙe na ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa min su. Wannan ba batirin mota ba ne, ilimi ne."

Ya gyara hularsa ya tafi alwala. Na faɗi maganganu marasa daɗi da yawa a rayuwata, amma wannan ce har yau in na tuna nake runtse ido.

Bayan kwana huɗu, da yamma, na maƙala mita a tukunya ta farko sai lambar ta yi sama. Na cire na sake maƙalawa, tana nan. Ta biyu haka, har ta shida. Na yi ta kiran Mama ta zo ta gani, ita kuma ta leƙo da ludayi a hannu ta ce ita ba ta ga wuta ba, lamba ta gani. Daren nan na ci tuwo malmala biyu.

Daga nan abin ya zama kullum. Da safe lambar ta sauko, da yamma ta hau sosai. Ban ɓata lokaci ba na samo mata dalili: zafin rana ne yake ƙara wa halittun kuzari. Na zana layin awon a takarda, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, na kai wa malamata. Ta sa gilashi ta daɗe tana kallo.

"Wannan ya fi abin da na yi tsammani, 'yata. Amma me ya sa Asabar da Lahadi suke sauka? Halittun naki ma'aikatan gwamnati ne?"

Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta, don ban taɓa jin ta yi wasa ba. Na ce ai ranar Asabar nake ƙara musu sabon ruwa, kafin su saba da shi sai Litinin. Ta ce to, in ci gaba da lura. Gaskiya ne ina ƙara ruwa ranar Asabar. Gaskiya ne kuma Asabar da Lahadi ne ranakun da nake wuni a gida, amma wannan ban tsaya na dube shi ba, saboda ba na son ganin abin da zai ɓata mini layina mai kyau.

Mako shida aka yi haka. Malamata ta sa sunana cikin waɗanda za su gabatar da aikinsu a gaban malaman sashe, har ta ce za ta gayyato wani abokin aikinta daga sashen injiniya ya gani. A makaranta aka fara kirana mai wuta. Ni kuma na riƙa tafiya kamar ni na haƙa rijiyar mai. Har Baba ban ƙyale ba.

"Ka gani ko, Baba? Ba asid."

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Wata Laraba, saura kwana shida in gabatar, malamin da za mu yi darasi da shi bai zo ba. Na hau bas tun kafin azahar, na sauka a Kwangila na sake hawa wata, na iso gida lokacin da ban saba isowa ba. Mama tana ɗaki. Na zagaya bayan kicin in duba tukwanena.

Baba ne tsugunne a gaban ta huɗu. Ya ture hula baya, agogonsa na ajiye a kan gwiwarsa. A hannunsa akwai batirin tocila guda ɗaya da ya naɗe da roba, wayoyi biyu sun fito daga jikinsa, ya maƙala su a sandunan tukunyata. Yana kallon agogo yana ɗan motsa baki, irin yadda yake yi a shago. Na tsaya a bakin rumfar.

"Baba, me kake yi?"

Ya firgita har agogon ya faɗi. Sannan ya yi murmushin yaron da aka kama da hannu a kwanon nama.

"Kaɗan nake ba su. Batir ɗaya ne tak, don kar wutan ya yi musu yawa."

"Tun yaushe?"

Ya faɗi ranar. Ita ce ranar da lambar ta fara hawa.

Ashe kullum da rana tsaka yake rufe shago, ya tako da ƙafa daga PZ zuwa gida, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya cire kayansa kafin la'asar ya koma. Wutar da yake ba su takan ɗan zauna a jikin sandunan, ita nake dawowa in auna da yamma, kafin safe ta tsiyaye. Ba zafin rana ba ne, ba kuzarin halittu ba ne. Babana ne.

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na san na ce ya kashe ni. Na ce mako shida na ƙarya na kai wa matar da ta kori mutum saboda ƙarya, kuma ni ma korata za ta yi, kuma ba wanda zai sake karɓata a Samaru. Na yi kuka irin na fushi, wanda ba ya sa a tausaya wa mutum. Mama ta fito da gudu ɗankwali a hannu.

Baba ya bari sai da na gaji, sannan ya ce a hankali, "Na ga kina ramewa. Mota ma in ya ƙi tashi turawa ake, in ya kama sai a sake shi. Na ce in sun kama zan bari. Na taɓa bari kwana ɗaya, kika dawo kika auna, ba ki ci abinci ba. Sai na ci gaba."

Na tuna ranar. A littafina na rubuta cewa hadari ne ya rufe rana.

Mama ta ce ita ta sha ganinsa, ta ɗauka ni na sa shi. Da ta fahimci girman abin, sai ta zauna a kan turmi ta fara neman mini mafita irin ta uwa.

"To ai ke ba ƙarya kika rubuta ba. Abin da na'uran ya nuna kika rubuta. Kuma mu uku ne muka sani. Ki je ki yi bayaninki, daga baya ki gyara a hankali."

Zan so in ce na ƙi maganar nan take. Ban ƙi ba. Na ɗauke ta na shiga ɗaki da ita. Ranar Alhamis ban je makaranta ba, na wuni ina juya ta, kuma duk juyin da na yi sai ta ƙara yi mini kyau. Wa zai sani? In na faɗa, ko dai a kore ni, ko in zama abin dariya, 'yar da babanta ya yi wa tukwane caji. In na yi shiru, ranar Talata a tafa mini. Baba kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma ina kallon bango nake yin ta.

Ranar Juma'a da safe ina zaune a bakin gado ban yanke komai ba, sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗaki. Yana sanye da farar babbar rigarsa ta zuwa masallaci, wadda ba ya sawa sai rana ta take. A hannunsa akwai baƙar leda.

"Tashi mu je wajen malamarki."

"Baba, ban gama tunani ba."

"Ni na gama. A wurin aikinmu, in ka taɓa wayan siginan jirgi ka yi kuskure, ba ka zama kana jiran jirgi ya zo. Kai za ka je da ƙafanka ka faɗa. Ni na ɓata, ni zan faɗa."

Ban taɓa jin ya yi mini magana da wannan muryar ba. Na ɗauki mayafina da littafin awo.

Muka hau bas. Ya zauna kusa da taga ya rungume ledarsa, yana tattare rigar kada ta taɓa buhun barkonon wata mata. Shekara hamsin yana Zariya, amma sau ɗaya ya taɓa shiga jami'ar, ranar da yayana ya gama. Muna tafiya a ƙarƙashin itatuwa yana gaida duk wanda muka haɗu da shi, har ɗalibai masu abin jin waƙa a kunne waɗanda ba su ji shi ba. Ni ina gaba, ina fatan mu tarar ofishin a kulle.

A buɗe yake. Baba ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Malamata ta miƙe tsaye.

"A'a Baba, sa takalminka. Sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, ranki ya daɗe. Laifi na kawo."

Ya ƙi zama a kujera sai da ta matsa. Sannan ya buɗe ledar ya fito da batirin da wayoyinsa ya ajiye a kan teburinta, a kan takardun mutane. Ya yi bayani dalla-dalla, ba ragi ba ƙari, kamar mai ba da rahoto ga shugaban tasha. Wace waya ya maƙala a wace sanda, minti nawa kowace tukunya, sau nawa ya canza batir. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan kwali da aka yago daga kwalin sabulu. A shagonsa duk batirin da ya hau caji sai ya rubuta ranar hawansa da ta saukarsa, don haka tukwanena ma ya rubuta su. Ga ranaku nan a jere da ƙaramin rubutunsa, babu Asabar babu Lahadi, ga kuma rana ɗaya da ya ja wa layi.

Malamata ta karɓi kwalin, ta ce in ba ta littafina. Ta ajiye su gefe da gefe tana bi da yatsa. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa abin ya fi ƙarfinta, ta yi dariya har ta cire gilashi tana share ido da bayan hannu.

"Baba, rubutun awonka ya fi na rabin ɗalibaina."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Yarinyan nan ba ta sani ba. In kora ne, ni za a kora, ni kuma ba ɗalibi ba ne."

Ta mai da gilashinta ta juyo gare ni, dariyar ta tafi kamar ba a yi ta ba.

"Yaushe kika sani?"

"Laraba, Ma."

"Yau Juma'a. Jiya me kike yi?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, cewa ba ni da lafiya. Na dubi kwalin sabulun da ke kan tebur.

"Ina tunanin ko in yi shiru."

Ta daɗe tana kallona. Ana jin ƙarar fanka, da wasu ɗalibai da ke musun ƙwallo a baranda. Sannan ta gyaɗa kai.

Ba ta kore ni ba. Amma ba ta shafa mini kai ba. Ta ce za a cire sunana daga masu gabatarwa. Awon mako shida duka a soke shi, ba a yaga shafukan ba, a ja musu layi a rubuta dalili a ƙasa, in sa hannu. Tukwanen a zubar, a sayi sababbi, a fara daga farko. Ta ƙirga watanni a yatsa ta ce ba zan gama tare da 'yan ajinmu ba. Kuma ta ce abin da ya fi damunta ba batirin Baba ba ne.

"Na nuna miki Asabar da Lahadi. Kika ba ni amsa kafin in rufe baki. Ni ma na karɓa, don ina son lambar. Wannan laifin namu ne mu biyu."

Da za mu fita ta ce wa Baba tunaninsa ba shirme ba ne, akwai masu bincike da ke ba irin tukwanen nan 'yar wuta da gangan don wani aikin daban. Fuskarsa ta washe, har ya juyo ya dube ni.

"Amma ba shi aka ba 'yarka ba," ta ƙarasa.

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ya tsaya sallar Juma'a a Samaru. Na jira shi a gindin wata bishiya, da ya fito ya saya mini gyaɗa kamar ina firamare. Na so in ba shi haƙuri a kan abubuwa da yawa, amma sai kawai na ce ya kawo in riƙe masa ledar. Ya ba ni.

Aka fara daga farko. Masu awara suka ga na dawo da jarkoki, suka ce da ma sun san ba a gamawa. Baba ya fasa wasu batiran ya shirya sababbin sanduna, ya miƙo mini su daga bakin ƙofar kicin, bai ƙaraso rumfar ba. Daga ranar ya daina dawowa gida da rana. Abincinsa ma a shago aka riƙa kai masa.

Sifili ya dawo. Mako ɗaya, biyu, uku, huɗu. 'Yan ajinmu suka gabatar da aikinsu aka tafa musu, suka yi ta ɗaukar hoto a gaban sashe, ni ina wucewa da jarkar ruwan awara. Wata rana na yi kuka a bas tun daga Samaru har Kwangila, wata tsohuwa tana ta ba ni haƙuri a zatonta rasuwa aka yi mini. Abinci ya sake gagarata. Baba yana gani. Sai ya koma fita tun kafin in yi awon safe, ba ya dawowa sai ya tabbata na gama na yamma. Mama ta ce mini a shago ma ba ya cin abin kirki, kwanon yake dawowa kusan yadda aka kai shi.

Abin da ya fara canzawa ba wutar ba ce, ruwan ne. Wanda na zuƙo daga tukwanen na kai gwaji ya fara washewa, warin ya karye, awon datti ya nuna ya ragu. Mama ce ta fara lura, don ta daina rufe tagar ɗakinta. Malamata ta ce da ma wannan ne babban aikin, wutar ƙari ce. Na ji ta, amma ni 'yar mai batir ce, wutar nake jira.

Na gama karatun daga baya, kusan shekara guda bayan 'yan ajinmu, kuma malamata ce ta sa hannu. Amma ba ranar nan nake yawan tunawa ba. Wata yamma ce a mako na biyar. Kwana uku ke nan lambar tana ɗan ɗagawa, safe da yamma, ba ta faɗuwa, ban gaya wa kowa ba don tsoro. Ranar Baba ya dawo da wuri saboda hadari ya haɗu. Ya shigo ya gan ni tsugunne da mita, ya juya zai shige ɗaki.

"Baba, zo ka gani."

Ya tako a hankali ya tsaya daga wajen rumfa, ya miƙa wuya. Na ɗaga masa mitan. Lambar ba ta kai rabin wadda muka saba gani a baya ba. Ya daɗe yana kallonta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ya yi kaɗan."

"Kaɗan ne."

Na ga yatsunsa suna motsi a jikin rigarsa. Na san abin da ke ransa, don duk rayuwarsa bai taɓa ganin lamba ƙasa haka ya bar ta ba. Ya dubi tukunyar, ya dube ni, ya ga yadda wuyana ya rame. Iska ta fara kaɗa kwanon rumfar.

"Su da kansu suka yi?"

"Su da kansu."

Ya ja numfashi ya mai da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"To rubuta shi haka," ya ce.

Na rubuta. Ya tsaya har na bi sauran biyar ɗin, ina faɗin kowace lamba yana maimaitawa, ruwa ya fara sauka a kafaɗarsa bai matsa ba.